Wayar tarho ta intanet a gida: abin da muka gani a Abuja

Mazaunin Gwarinpa:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta dawo wurina da zama, idonta ya yi rauni, wayar zamani kuma ta gagare ta. Sau da yawa ƙanina zai kira daga Ingila, ta yi ta shafa gilashi har kiran ya katse. Abin da take so shi ne irin tarhon da ta saba da shi a zamanin NITEL, wanda zai yi ƙara a falo ta ɗauka ta kara a kunne. Ina roƙon waɗanda suka taɓa haɗa irin wannan waya da intanet su gaya mini abin da suka saya, da inda suka yi rajista, da inda suka sha wahala.

Daga Kubwa:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ni ban sayi sabuwar waya ba. Tsohon tarhon mahaifinmu na ciro daga akwati, na sayi ɗan ƙaramin akwatin Grandstream HT801, wanda bai fi tafin hannu ba. Igiyar tarho ta shiga ta gefe guda, igiyar intanet daga rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, ta shiga ta ɗaya gefen. Idan kana son tarho biyu, HT802 yana da kafa biyu. Wahalar da na sha ba daga akwatin ta fito ba. A makon farko ina jin muryar mai kira amma shi ba ya ji na, na yi ta zargin wanda ya sayar mini, har wani mai gyara ya shiga saitin rauta ya kashe abin da ake kira SIP ALG, nan take magana ta daidaita. Matsala ta biyu ita ce wuta. Duk lokacin da aka ɗauke, kafin a tayar da janareta rauta ta farfaɗo akwatin ya sake rajista, an ci mintuna, kuma wanda ya kira a tsakanin nan ba zai same ka ba. Ƙaramin batir na rauta da na saya shi ya kawo ƙarshen wannan, kuma da zan sake farawa da shi zan fara.

Daga Garki:
Ƙanina, ina so ka yi taka-tsantsan wajen zaɓen kamfani, domin a nan na yi asara. Na yi rajista da wani kamfani na waje saboda araha, suka ba ni lambar Ingila. 'Yata da ke can tana kira na da farashin gida, wannan ya yi daɗi ƙwarai, amma duk kiran da na yi zuwa Kano ko Jos a matsayin kiran ƙasashen waje ake caje shi, kuma dangi suka daina ɗauka saboda suna ganin baƙuwar lamba. Ga wahalar biya da dala. Daga baya na koma wani kamfani na cikin gida mai lasisin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, na karɓi lambar Abuja, wadda tun 2024 take farawa da 0209 maimakon 09. Ka tambaye su a rubuce ko ana iya kiran lambar gaggawa ta 112 ta layin, kuma ko da sun ce ana iya, kada ka raba Hajiya da ƙaramar wayar hannu mai madannai.

Daga Lugbe:
Yallaɓai, wannan sana'ata ce, kuma shawarata ita ce ka gwada layin intanet ɗinka kafin ka kashe ko sisi. Murya ba ta cin data da yawa. Tsarin aika murya ta intanet na G.711, wanda ya fi fitar da murya tangaran, kilobit 64 yake ci a daƙiƙa, G.729 kuma 8 kacal, kodayake muryar tana ɗan shaƙewa. Abin da ke lalata kira shi ne jinkiri da rashin daidaiton gudu. Ƙa'idar da ma'aikata ke bi ita ce kada jinkirin tafiyar murya ya wuce milisakan 150, domin idan ya wuce za ku riƙa cin karo da juna a magana. Ka sa manhajar kira a wayarka, ka yi gwaji da ƙaninka bayan sallar isha'i, lokacin da yara ke kallon bidiyo unguwa kuma ta cika da masu amfani da intanet. Idan faiba, wato intanet mai zuwa ta igiyar gilashi, ta iso layinku ita ta fi kwanciyar hankali. Ka haɗa akwatin da igiya, kuma ka saita rauta ta fifita murya a kan sauran abubuwa.

Daga Kubwa:
Wani abokina ya ba ni shawarar in girka Asterisk, manhajar rarraba kiran tarho, a kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, domin kowane ɗaki ya samu lambarsa. Na gwada, ban canja kalmar sirri mai sauƙi da na fara sa wa ba, cikin dare guda wasu suka shiga suka kira ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba har kuɗin asusun ya ƙare. Ga tarho ɗaya na Hajiya, ba ka bukatar wannan.

Mazaunin Gwarinpa:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin da Injiniyan Lugbe ya ce kwana uku a jere, murya ta riƙa yankewa tsakanin ƙarfe takwas da goma na dare, don haka na dakatar da sayen akwatin har sai an ja mini faiba. Batir dai na riga na saya. Yaya ta Garki, don Allah nawa ne kuɗin wata a tsarin da kike kai yanzu, kuma kiran wayar hannu yana ciki ko daban ake biya?