Neman shawara: zan kai Hajiya kwana bakin tafki a motar haya, me ya kamata in sani?

Baban Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata ta zo mana ziyara nan Minneapolis, a jihar Minnesota ta Amurka, kuma zaman cikin gida ya fara isarta. Na yi niyyar a watan Yuli in ɗauko hayar irin motar nan mai gado da kicin da bayi a ciki, wadda suke kira RV, mu je gandun dajin shaƙatawa na jiha da ake kira Itasca mu yi kwana uku a bakin tafki. Mu shida ne: ni, maiɗakina, Hajiya da yara uku, ƙaramin cikinsu shekararsa biyu. Ban taɓa tuƙa babbar mota ba. Lasisina na ƙaramar mota zai yi? Yaya ake yi da wuta da ruwa da bayi? Yaya sallah? Kuma wai da gaske akwai beyar a dajin? Hajiya tana son wuri shiru, ba hayaniya. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri a kan wannan niyya. Lasisinka ya isa, motocin da ake bayarwa haya ba su kai nauyin da ake neman lasisi na musamman ba. Amma motar ba ta da arha ko kaɗan. Daga Minneapolis zuwa Itasca kusan mil 220 ne, ka bi hanya mai lamba 10 ta St. Cloud har Wadena, sannan ka ɗauki mai lamba 71 ta Park Rapids. Irin wannan mota galan ɗaya ba ya wuce mil 8 zuwa 10, ka ga zuwa da dawowa kana maganar galan hamsin ko kusa da haka. Ban da kuɗin haya, ban da inshora, kuma da yawansu suna cajin kuɗi a kan kowane mil. Ka tambayi tsayin motar daga ƙasa zuwa rufi ka rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari, saboda rufin gidan mai da rassan itace. In za ka yi ribas, uwargida ta sauka ta tsaya inda kake ganinta a madubi. Kuma ka isa da sauran rana, shigar da ita gurbinta cikin duhu wahala ce.

Maman Zahra: Baban Hanif, tun kafin maganar mota, ka kama wuri? A Minnesota ana buɗe kama wuri kwana 120 kafin ranar zuwa, kuma Itasca tana cikin wuraren da aka fi rububi. Zango biyu ne manya a can, Bear Paw da Pine Ridge. Bear Paw ne ke gefen tafkin, shi ne mutane ke wawashewa. In kana son Yuli, ka nemi Litinin zuwa Alhamis, ƙarshen mako da wuya ka samu. Sannan mutum shida ne iyakar wuri ɗaya, wato kun cika cif, kada wani ya ce zai biyo ku. Akwai kuma takardar shiga da ake manna wa mota, kuɗinta daban da na wurin kwana.

Injiniya: Bari in amsa maganar wuta da ruwa, don nan sababbi suke shan wuya. Ba kowane gurbi ke da lantarki ba, sai ka zaɓi mai shi tun wajen kama wuri, kuma ka tambayi masu motar ko ƙarfin wutar da take ɗauka amp 30 ne ko 50, su ba ka mahaɗin da ya dace. In ka ce janareta zai wadatar, to daga ƙarfe 10 na dare zuwa 8 na safe lokacin shiru ne, ba a kunna shi. Ruwa kuwa ba a ja maka famfo har gindin mota, tankinka za ka cika kafin ka shiga gurbinka.

Abin da babu Baturen da zai gaya maka shi ne buta. Tankuna biyu ne na ƙazanta a ƙarƙashin motar, na bayi da na wanka da wanke-wanke. Mutum shida masu tsarki da ruwa, masu alwala sau biyar a rana, kafin kwana biyu tankin zai iya cika. Shawarata, bayin motar ya zama na Hajiya da na dare. Ku sauran ku riƙa zuwa bandakin zangon, akwai wurin wanka a can. Alwala a yi ta a waje da buta, ruwa kaɗan ne. Ranar tashi za ka bi ta wurin da aka tanada don zubarwa: safar hannu, ka fara buɗe na bayi, in ya gama sai ka buɗe na wanka ya wanke tiyon. Kada ka juya wannan tsari. Kuma kada a hura gawayi ko a kunna risho cikin motar don ɗumi, iskarsa tana kisa ba tare da wari ba.

Anti Nas: Ni fa ƙanena ban ga dalilin motar nan ba. Yaron da ke shekara biyu a ina za ka ɗaure kujerarsa? Kujerun bayan irin waɗannan motoci da yawa gefe suke kallo, wasu bel ɗin cinya kawai gare su. Ga matakala da Hajiya za ta riƙa hawa da sauka. Itasca tana da ɗakunan haya, ga masaukin baƙi na Douglas Lodge da aka buɗe tun 1905. Ku tafi a motarku ta gida, ku kwana a ɗaki, tafkin dai shi ne tafkin.

Kawu Direba: Anti, maganar kujerar yaro gaskiya ce, ya duba da idonsa kafin ya biya, ko kuma uwargida ta biyo shi da yara a ƙaramar mota. Hakan ma ya fi, domin akwai hanyar zagayen daji ta mil 10 da suke kira Wilderness Drive, ba ka so kullum ka cire wayar wuta ka tashi da gidanka gaba ɗaya don yawo. Amma ɗaki da zango ba ɗaya ba ne. A zango ne za ta zauna kan tabarma a waje, a hura wuta, a gasa nama.

Malam na Masallaci: Game da sallah: tafiyarku ta wuce mil 48, kuma ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, don haka a mazhabar Malikiyya ƙasaru za ku yi, Azahar da La'asar da Isha raka'a bibbiyu. Alƙibla daga Minnesota arewa maso gabas take, ba gabas sak ba kamar yadda Hajiya ta saba a gida, ka duba tun da rana don waya ba ta samun layi sosai a cikin daji. A Yuli rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe 9, Isha tana kaiwa wajen 11, Asuba kuma kafin ƙarfe 4. Duka biyun sun faɗa cikin lokacin shiru, saboda haka a sassauta murya, a rage ƙarar kiran sallah na waya. Sauti yana tafiya nesa a kan ruwa, kuma maƙwabcinka tanti ne kawai tsakaninsa da kai.

Maman Zahra: Beyar akwai, baƙar ce, amma ba ita ce damuwarka ba. Abinci take bi. Kada a bar tukunya ko kilishi ko shara a waje da dare, shi ke nan. Sauro da kaska su ne abin tsoro. Kaskar yankin nan ƙarama ce kamar ƙwayar riɗi, kuma tana ɗauke da cutar Lyme. Dogon wando, safa, maganin fesawa, kuma kowane dare a duba jikin yara, bayan kunne, hammata da cikin gashi. Sannan kada ka ɗauko itacen wuta daga gida, an hana saboda wani ƙwaro da ke kashe itatuwa, a can ake saya. Naman halal ka saya a kasuwar Karmel ta Minneapolis kafin ku tashi, don a hanya da wuya ka samu. A tafi wa Hajiya da bargo da rigar sanyi, dare yana yin sanyi ko a Yuli.

Injiniya: Ƙari kan shirun da kake nema. Itasca ita ce gandun jiha mafi daɗewa a Minnesota, tun 1891, kuma daga tafkin ne kogin Mississippi ya faro. Mutane suna tsallake shi a kan duwatsu a daidai mafarin, ruwan bai kai gwiwa ba a yawancin lokaci. Wannan wurin da tsakar rana cike yake da jama'a. Ku je da sassafe bayan karin kumallo, hanyar daga wurin ajiye mota gajera ce kuma a shimfiɗe take, Hajiya za ta iya. Da dare za ku ji wani tsuntsun ruwa yana kuka mai tsawo, shi ne tsuntsun da jihar ta ɗauka alamarta. Ka gaya mata tun da wuri kada ta kwana tana ta'awwuzi. In za ku shiga kwalekwale, doka ce yaro ƙasa da shekara 10 ya sa rigar da ke hana nutsewa.

Baban Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na duba yanzu, Bear Paw ya cika a makon da nake so, amma akwai gurbi mai lantarki a Pine Ridge daga Talata zuwa Juma'a, na kama. Za mu tafi da mota biyu kamar yadda Kawu ya ce. Anti, na nuna wa Hajiya hoton ɗakunan, ta ce ɗaki ai shi ta gudo.

Anti Nas: To Allah ya kiyaye hanya. Ka sayo mata ɗan benci mai faɗi na takawa a bakin ƙofar motar, matakalar farko tana da tsayi, kuma magungunanta su kasance a jakar hannunta, ba cikin kaya ba.