Neman kalmar Hausa: gas ɗin da ake auna shekarun dutsen sama da shi

Malama Rabi: Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Alhamis zan gabatar da shirin kimiyya a rediyo kan dutsen nan mai nauyin kimanin kilo 18 da ya faɗo a Zagami, lardin Katsina, ranar 3 ga Oktoba 1962, kuma na rasa sunan da zan ba abin da Turawa ke kira "noble gases". Sinadarin fotasiyam-40 da ke cikin dutse yana rikiɗa, rabinsa cikin shekara biliyan 1.25, wani kaso ya koma argon-40, ɗaya daga cikin waɗannan "noble gases" ɗin, wanda ke maƙalewa ciki har sai zafi ya kore shi. Yawan argon da ya taru shi ke nuna yaushe rabon dutsen da ya sha zafi.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ki ce "iskoki masu daraja".

Malam Iliyasu: Malam Sani, duk mai sauraron da ya ji "iskoki masu daraja" sun shekara miliyoyi a cikin dutse, bori zai tuna. Ban da haka, ba daraja ake nufi ba; heliyam da niyon da argon ba sa haɗuwa da sauran sinadarai ne, shi ya sa suke zama yadda suke. Ni dai "gas 'yan ba-ruwanmu" na fi so.

Alhaji na Maraɗi: Ranku ya daɗe, me ya kawo "gas" cikin maganar Hausa? A kasuwa, wanda ya ji gas tukunyar girki zai kawo. Mu da muka yi karatu da Faransanci an koya mana sunan da ke nufin ƙarancinsu, ba mu ɗauke shi ba, alhali ku kullum Ingilishi kuke yi wa rawani ku ce Hausa ce.

Malam Iliyasu: Alhaji, gara da ba ku ɗauka ba, domin argon ya kusa kashi 1 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Kuma wanda ke cewa "mota" da "rediyo" bai kamata ya kori "gas" ba.

Alhaji na Maraɗi: Waɗannan kakanninmu sun tauna su kafin su haɗiye. Naku ɗanye ne.

Dakta Hauwa: Malama, kafin gardamar ta cinye miki lokaci, ki lura cewa shekaru iri biyu ne. Dutsen Zagami ya daskare a duniyar Mas kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, amma da wasu sinadarai aka tabbatar da wannan, domin argon ɗin da ke cikinsa ya zarce kima, yana sa ya fito kamar ya fi haka tsufa. Yawonsa a sararin samaniya kuwa kimanin shekara miliyan 3 ne, an gano daga heliyam-3 da niyon-21 da ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfi da ke yawo a sararin suka haifar a jikinsa. Na farko ki ce "shekarun daskarewa", na biyu "shekarun yawo". "'Yan ba-ruwanmu" kuma zai ja hankali zuwa siyasa. "Gas marasa cuɗanya" ya fi.

Malama Rabi: Na gode, Dakta. Zan ce "gas marasa cuɗanya", in fayyace tun farko cewa ba na girki ba ne.

Alhaji na Maraɗi: "Marasa cuɗanya" na yarda. Ɗayar kalmar kuwa, ki faɗe ta a shirinki, amma kada a ce da yawuna.