Mai wayarin ya ce a bar RCD, a kafa DB a sito: in yarda?

Mai Kayan Sanyi: Salamu alaikum. Shago zan buɗe: firiza uku, AC mai doki ɗaya da rabi, fitilu da soket. Wutar fes uku ce, ga janareta. Mai wayarin ya ce a kafa DB, wato akwatin rarraba wuta, a sito bayan kantar shago, kuma kada a sa RCD, na'urar da ke yanke wuta in tana yoyo, don yana yawan faɗuwa. Gobe zan biya kuɗin kaya. In yarda?

Oga Wayarin: Wa alaikumus salam. Fitilu waya mai kaurin 1.5, breka mai amfiya 10. Soket 2.5, breka 20. AC waya 4, layinsa daban. Breka waya yake karewa, kada a ɗora 32 a kan layi guda na 2.5.

Ɗan Poli: Dokar NEC ta Amurka, sashe na 110.26, ta ce a bar fili ƙafa 3 a gaban akwatin, faɗin inci 30, ba a jibga kaya a wurin. Bayan kanta ya fita ke nan.

Injiniya: Ɗan Poli, nan ba Amurka ba ce. Wutarmu 230/400 ce, muna da ƙa'idar wayarin ta Najeriya, NESIS ta 2015, hukumar NEMSA ke duba aiki. Amma maganar fili gaskiya ce: ranar da waya ta fara hayaƙi ba a tsaya janye katan.

Baban Yara: Duk kun bar babban abu, nutiral, wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Akwai shagon da aka haɗa wayar alminiyon da ta tagulla a kan sandar nutiral, sukurun ma bai ɗauru ba. Wurin ya riƙa zafi har ya baƙanta, roba ta narke, ya tsinke. Fes ɗin da ba shi da nauyi sai wutarsa ta doshi 400. Kwamfuresan firiza biyu suka ƙone, ƙwayayen fitilu suka fashe, kifi ya ruɓe. Ko breka ɗaya bai faɗi ba. Mai aikin kuwa ya kashe wayarsa ta hannu, har yau.

Injiniya: RCD ma ba zai kama wannan ba, Baba. Sai rile, na'ura mai lura da hawan wuta, a haɗa shi da kwantakta, babban makunni mai aiki da kansa, ya yanke duka.

Oga Wayarin: Rilen da kwantakta dubu 40 sun isa.

Baban Yara: Na dubu 40 jabu ne, mai kyau ya haura 90.

Sarkin Zolaya: A kawo wutar tukuna, sannan ta hau 400. Mu a unguwarmu DB gidan ƙadangare ne.

Injiniya: Alhaji mai tambaya, RCD ba ya faɗuwa haka kawai. Ko nutiral na taɓa wayar at mai shiga ƙasa, ko an cakuɗa nutiral na layuka, ko firiza na yoyon wuta. RCD guda ɗaya a kan DB duka shi ne matsala, in ya faɗi komai ya mutu. A sa RCBO, wato breka da RCD a haɗe, mai 30mA a layin kowace firiza. Canjoba, mai sauya wuta zuwa janareta, ta zama mai ƙafa huɗu, ta yanke har nutiral. A gwada da mega, na'urar awon yoyon waya, a kan 500V kafin a ba da wuta.

Oga Wayarin: Ku masu takarda ba ku taɓa fasa bango ba. Ƙarfen at da gawayi da gishiri, shi ke nan.

Injiniya: Gishirin ke cinye ƙarfen, Oga. Ka auna kuwa?

Baban Yara: Awon me, wutar da ke zuwa 160 da yamma? Sau nawa aka tara kuɗin taransifoma gida-gida, fes ɗaya har yanzu a mace.

Sarkin Zolaya: Amma bil bai taɓa mutuwa ba.

Ɗan Poli: Ku naku nawa aka yanka wa kowane gida?