Na gama kemo amma hannuwa da ƙafafuna sun ƙi dawowa daidai, dan Allah shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikin kansar hanji aka min, bayan nan aka ɗora ni a kan kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, ɗaya daga cikin magungunan shi ne oxaliplatin. Tun ana sa min shi in na taɓa abu mai sanyi sai in ji shokin a yatsu, ruwan firij kuwa maƙogwaro ya shaƙe. Alhamdulillahi na gama, hoto ya nuna ba komai, amma wallahi maimakon sauƙi abin gaba yake yi, tafin ƙafata ya yi dindiris ban jin ƙasa sosai, da daddare kuma zugi, ko zanin gado ya taɓa yatsuna sai na farka, ɓalla maɓallin riga ya zama aiki, kofi sai dai in ga ya suɓuce ban san na sake shi ba. In na yi magana a gida sai a ce ki gode wa Allah kin rabu da babban ciwo, na gode kuwa, amma ina jin jiki. Kansar ce ke dawowa? Kuma wannan matsalar hannu da ƙafa tana warkewa?

Wata 'yar uwa:
Wa alaikumus salam, sannu 'yar uwa Allah ya ƙara sauƙi. Ni kemon paclitaxel aka min na kansar mama, irin naki sak. Hannuna ya dawo a hankali, yatsun ƙafa ne har yau da saura, amma barci ina yi yanzu.

Wata nas:
Sannu Hajiya. Maganin ne ya taɓa ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon ji, kuma dogaye ya fi kamawa shi ya sa yake farawa daga yatsun ƙafa da na hannu. Wannan ƙaruwar da ta tsorata ki sananniya ce a oxaliplatin da cisplatin (shi ma maganin kemo ne), ana daina maganin abin ya ci gaba da tsananta wata 2 zuwa 3 kafin ya tsaya, ba wai alamar ciwon ya dawo ba ce. Duk da haka likitanki ya sani, ki ce a duba miki suga da bitamin B12, dan yawan suga da ƙarancin B12 su ma suna cin jijiya, in sun haɗu da na kemo abin ya yi yawa. Maganar warkewa kuwa ba zan miki alƙawari ba, jijiya ba ta gaggawa, wasu cikin watanni, wasu ya haura shekara, wasu kuma ya ragu amma bai tafi duka ba. Panadol ba ya wani taɓuka abu a irin wannan zugin. Duloxetine ne ƙungiyar likitocin ciwon kansa ta Amurka ta amince da shi a ƙa'idarta ta 2020, shi ma zugin yake ragewa ba dindiris ɗin ba, likita ne ke rubutawa kuma ba a yanke shi farat ɗaya.

Wani ɗan uwa:
Ki samu bitamin B kina sha da yawa, jijiya yake ginawa.

Wata nas:
A'a Malam, a bi a hankali. B6 in ya yi yawa shi kansa lalata jijiya yake. Sai an gwada an ga me ya yi ƙaranci.

Wani dattijo:
'Yata ni abin da zan ce ki kula da ƙafar nan, tun da ba ta kawo miki rahoto. Na taɓa wuni da ɗan tsakuwa a takalmi ban sani ba sai da na cire safa na ga jini. Yanzu kullum kafin in kwanta sai na duba tafin da tsakanin yatsu, in ban iya lanƙwasawa ba in sa madubi. Ruwan wanka da gwiwar hannu za ki taɓa, kar ki yarda da yatsu. Kar ki yi yawo ba takalmi, silifas mai suɓucewa ma ki haƙura da shi, ki bar fitila kunne a hanyar bayi dan cikin duhu ne mutum ya fi tangaɗi, ido ne yanzu ke taya ƙafar aiki. Ki nemi a haɗa ki da masu fisiyo, wato masu koyar da motsa jiki a asibiti, tafiya kaɗan kaɗan ta taimake ni. Su kuma 'yan gida ba mugunta ba ce, ciwon da ba a gani da ido wuyar yarda gare shi, ki tafi da ɗaya daga cikinsu asibiti ya ji daga bakin likita.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, hankalina ya ɗan kwanta. Anti nas, akwai alamar da in na gani kar in jira ranar ganin likita?

Wata nas:
Akwai. In ƙafa ta mutu lokaci ɗaya kin kasa ɗaga ta, ko sabon ciwon baya mai tsanani, ko fitsari da bayan gida suna zuwa ba ki iya riƙewa, ko fitsarin ya ƙi fita, ranar ki tafi asibiti ko dare ne, dan yana iya zama wani abu ne ke danne lakar baya. Haka in kin ga ciwo a ƙafa ya yi ja ko yana ruwa. In kuma kina tuƙi, ki dakata tukunna in ba kya jin birki a ƙarƙashin ƙafarki.