Boda a buɗe ko a rufe: wa ya ci riba a Kebbi?

Manomin Suru: Assalamu alaikum jama'a. Magana guda zan faɗa, wanda ya ji haushi ya sha ruwa. Tun da nake noman fadama ban taɓa riƙe kuɗin shinkafa ba irin na lokacin da anka rufe boda a Agustan 2019. Da can sai ka sheƙe shanshera ka zauna jiran mai saye kamar mai jiran gawon shanu. Da anka rufe, masu injin casa da kansu ke biyo mu har bakin gona da mota. Don haka wanga zance na ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, da kasuwa guda ba don mu anka yi shi ba. A sake rufewa, a jefa mabuɗin cikin kogin Kwara.

Direban Kamba: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya ƙara albarka ga gona, amma kana magana kamar Kebbi ta ƙare a fadamarka. Mu nan Kamba da boda muke ci. Da anka buɗe Illela da Maigatari da Seme a Disamban 2020, mu ba a waiwaye mu ba sai Afrilun 2022. Ga dokar hana kai mai ga duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ɗan Najeriya a cikin Najeriya, amma sai ya nemi ɗan bumburutu kafin ya tada mota. 'Yan dako, masu shayi, masu canjin sefa, 'yan kabu-kabu, duk sunka zauna. Su ba talakawa ba ne?

Mai abinci, Birnin Kebbi: Ku bar ni da Alhaji. Ranka ya daɗe, kuɗin da ka riƙe daga aljihun wa suka fito? Ni ce na biya. Kwanon shinkafa ya tashi, na rage zubi, masu saye suka ce na yi rowa. Kuma 'yar gidan ta lokacin sai ka kwana tsintar tsakuwa.

Manomin Suru: Hajiya, tsakuwa ta wuce. Je ki duba ta Argungu yanzu.

Malamin makaranta, Jega: Alhaji ya kama ɓarawo, amma ya kira shi da sunan wani. Shinkafar da ke karya masa farashi ba manomin Gaya ta Nijar ko na Malanbil ta Benin ne ya noma ta ba. Daga Tailan da Indiya take zuwa, a sauke ta a tashar Kwatano, sannan ta biyo daji. Tsarin ECOWAS na cire haraji ya shafi abin da aka noma ko aka ƙera a cikin yankin ne kawai, waccan ba ta da haƙƙin shigowa kyauta ko da minti ɗaya.

To me ke jawo ta? Bambancin haraji. A harajin bai-ɗaya da ƙungiyar ta fara aiki da shi a 2015, shinkafa na ajin kashi 10 cikin 100. Najeriya ta ɗora nata a kai har ya haura kashi 50. Tazarar nan ita ce ribar ɗan sumoga. Shi ya sa Benin ke sayo shinkafar da aka turara fiye da abin da mutanenta za su iya ci, don kowa ya san tukunyar da za ta shiga. Da harajin Kwatano da na Legas ɗaya ne, wa zai wahalar da kansa a kan babur da buhu uku cikin dare? Abin da ya cuci Alhaji haɗin da aka yi rabi aka bari ne.

Ɗan jami'a, Aliero: Malam, da girmamawa, akwai gyara. Ka ce a daidaita haraji. A daidaita sama ko ƙasa? Benin ba za ta yarda ta ɗaga nata ba, don baitulmalinta da tashar Kwatano yake numfashi. Mu kuma in muka sauke namu, an binne Baba na Suru da ransa.

Malamin makaranta, Jega: Wannan tambaya ce ta gaske, kuma a kanta ake zama teburi, ba a saka kwaɗo. Dubi abin kunya: ranar 7 ga Yulin 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka a Yamai, wata na zagayowa muka rufe ƙofa a kan masu masaukin. Kuma Alhaji ya tuna, jarin shinkafa ya riga rufe boda zuwa Kebbi. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Nuwamban 2015. Shinkafar Lake ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta fito a ƙarshen 2016. Kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017 aka buɗe shi. Duk boda na buɗe.

Ɗan jami'a, Aliero: A buɗe da suna. Tun 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da shinkafa dala a farashin gwamnati, a 2016 kuma aka hana shigo da ita ta ƙasa. Masu kuɗi sun kafa injina ne don sun ga an yi musu katanga. Kada mu ci amanar tarihi, Malam.

Manomin Suru: Allah ya yi maka albarka, yaro. Ga wanda kuɗin makarantarsa bai faɗi banza ba.

Malamin makaranta, Jega: Na karɓa. Katanga a kan shinkafar Asiya ta taimaka. Amma ita daban, toshe hanyar wake da albasa da shanu tsakaninmu da maƙwabta daban.

Ba'are, Kangiwa: Ni abin da ke ba ni mamaki, kuna cewa "maƙwabta" kamar wasu baƙi. Gwaggona a Dogondutsi take aure. A Dole-Kaina sai an nuna maka inda Najeriya ta tsaya Nijar ta fara. Da sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ɗin da Malam ke karewa ce ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke tafiya Yamai ta layin Birnin Kebbi, alhali a lokacin wajen kashi 70 na wutarsu daga Najeriya yake. Wa ya kwana cikin duhu, Janar Tchiani ko gwaggona? Sai Fabrairun 2024 aka ɗage, an buɗe boda a Maris, amma zuciya ta riga ta ɓaci. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice. Ƙungiyar da ta ce ta zo haɗa mu ita ta raba mu.

Ɗan jami'a, Aliero: Kuma sun fita ba su mutu ba.

Direban Kamba: Ba su mutu ba, amma tambayi direbobinsu. Kayan da ke tasowa Kwatano su haye gadar Gaya, yanzu sai sun zagaya ta Lome su ratsa Burkina cikin ayari da rakiyar soja. Kowane kwana da tirela ta ƙara a hanya, mai sayen sukari a Doso ne ke biya.

Mai abinci, Birnin Kebbi: Mu ma mun ɗanɗana. Da hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi gab da babbar Sallar 2025, ku tambayi magidanta yadda suka kwashe da masu raguna. Maigidana sai da ya shiga tarayyar sa.

Malamin makaranta, Jega: Hajiya ta kawo mu wurin. Kafin raguna, a Oktoban 2024 sun hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina. Sannan ƙawancen da ƙasashen uku suka kafa ya sa harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 kan kayan da ke shigar musu daga waje. Mabuɗin da Alhaji ke son jefawa a Kwara, su ma suna da irinsa. Kuma Alhaji, tsakaninka da Allah, da naira ta faɗi bayan 2023 masu sefa suka cika kasuwanninmu suna ɗibar gero da masara, ka ƙi sayar musu?

Manomin Suru: Malam, wannan ciniki ne, ba siyasa ba.

Mai abinci, Birnin Kebbi: Au! Wato a rufe wa shinkafa, a buɗe wa gero.

Manomin Suru: Ku yi dariya. Ni na san nawa nake zuba wa injin ban ruwa tun da anka cire tallafin mai, na san kuɗin buhun taki. Sannan a 2024 gwamnati ta yafe harajin shigo da abinci na kwana 150, shanshera ta zube, taki bai zube ba. In ba a kare ni ba, bana ita ce ta ƙarshe, in koma rogo.

Ɗan jami'a, Aliero: Baba, wannan kam ta jirgin ruwa ta shigo, da hatimin Abuja. Ko an yi wa Kamba da Tsamiya da Lolo ginin siminti, ba zai tare ta ba.

Manomin Suru: Ka koma bayan Malam ke nan? Na janye albarkar.

Malamin makaranta, Jega: Ba a janye albarka, Alhaji. Ni dai har gobe ina kan cewa yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, wadda ta ba ɗan yankin kwana 90 ba biza, ta fi duk wani tallafi amfani ga mutumin kan iyaka. Ko bayan ficewar Nijar, ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da kayansu kamar da.

Direban Kamba: Malam, a takarda kake karanta ta, ni a taya nake karanta ta. Ko boda na buɗe, daga inda na yi lodi zuwa inda zan sauke, ban san adadin shingen da nake tsayawa ba. Wani da ganga, wani da icce mai ƙusa, kowa da hannu a miƙe. Makon jiya albasa ta fara ruwa a bayan mota ina tsaye a rana ana ciniki da ni kan na goro, alhali takarduna cikakku ne. Jibi zan ɗauki kaya zuwa Gaya, kujerar gaba babu kowa. Ka taho da takardar 1979 ɗin, mu ga shinge na nawa za ta wuce da mu.

Malamin makaranta, Jega: Ƙarfe nawa kake tashi?

Direban Kamba: Bayan Asuba. Ka riƙo canji.