Ku taimaka: kayan gidan 'yar tsana sun ƙi yin nauyi

Abban Yara: Assalamu alaikum jama'a. Gidan 'yar tsana nake haɗa wa 'yata, tun tana kwance ba lafiya na yi mata alƙawari, yanzu ta warke kullum sai ta tambaya, uwarta kuma tana ta ƙorafin na cika ɗaki da garin katako. Ma'aunin 1:12 na bi, inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya. Teburinmu kilo 24 ne, na raba da 12, ke nan ƙaramin ya kamata ya kai kilo 2. Na ɗora a sikeli, giram 40 kacal! Da an taɓa gidan sai kayan su zube. Katakon ne na banza?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, katakonka lafiya lau. Ba tsawo kaɗai ka rage ba, har da faɗi da kauri. 12 sau 12 sau 12, 1,728 ke nan. Raba giram 24,000 da shi, ka samu kusan giram 14. Naka ma ya yi nauyi da yawa. Allo mai kaurin milimita 18 milimita 1.5 zai koma, kai nawa ka yanka? Tun 1638 Galileo ya bayyana wannan ƙa'ida.

Maman Biyu: Ni nawa akasin haka ne. Kafinta ya yi mini gidan 'yar tsana da falanki mai kauri, da na ɗora shi a kan kantar da ke jikin bango sai da ƙusoshin kantar suka tumɓuko, kuma har yau bai amsa laifinsa ba. Ka manna noti a ƙarƙashin kowane abu.

Injiniya: Hajiya, noti a wurin ƙaramar yarinya? In ya ɓalle baki za ta kai. Malam, ko dalma ka zuba a girman teburin nan ba zai kai kilo 2 ba. Ka sa gam kawai.

Abban Yara: Gam ba zai yiwu ba, so take ta riƙa sauya musu wuri. Kuma da gangan na ƙara kauri don kada ƙafafun su karye a hannunta.

Injiniya: To milimita nawa?

Maman Biyu: Shekarunta nawa ma tukuna?

Abban Yara: Ni dai notin nan zan gwada a daren nan.