Neman kalma: wa muke aikawa ya duba mana adireshi a cikin Linux?

Jama'a, kalmomin Hausa biyu na kawo ku duba ko za su zauna a madadin kalmomin kwamfuta biyu na Ingilishi, kernel da helper function. Kwana uku ke nan muna jan zancensu a shagon gyaran salula da kwamfuta inda nake wuni a nan Tawa, har mai shayin ƙofar shagon ya fara tsoma baki.

Ɗan yayata ne ya tono maganar. Ɗalibi ne a jami'a, ya rubuta facinsa na farko da yake son aika wa masu kula da Linux, babbar manhajar nan da ke tafiyar da kwamfuta. Kalmar faci tuni muka gama da ita: ɗan gyaran da ake yi wa manhaja, abin da masu Ingilishi ke kira patch, kuma duk wanda ya taɓa tura babur zuwa wurin mai faci ya san ba a sake taya, wurin da ya huje ake liƙewa. Na ce masa ya gaya mini da Hausa abin da facin nasa yake yi. Ya buɗe baki sai Faransanci ya zubo, noyau, fonction, pilote. Na ce a'a, tun 2025 an rubuta a kundin ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, sake lale. Ya ce, "Kawu, wannan ai ba ya faɗuwa da Hausa." Wannan maganar ce ta hana ni barci.

Bari in fara da abin kansa, don kalma ba ta zama sai an ga abin da za ta ɗauka.

Kowane katin sadarwa, na waya ko na wifi, yana da lambar da ake kira adireshin MAC. Okte 6 ne, wato bit 48 (bit sifiri ne ko ɗaya, okte kuma bit takwas ne), ana rubuta shi gida shida, kowane gida okte ɗaya, da ɗigo biyu tsakani. Gidaje uku na farko hukumar IEEE ce ke raba wa kamfanoni, sauran ukun kamfanin ke cikewa. In duk gidajen shida ff ne, wato 255 a rubutun kwamfuta, saƙon na kowa ne. In duk sifiri ne, ba adireshi ba ne. In lambar gidan farko mara ce, ba cika ba, saƙon na wani rukuni ne, shi ya sa za ka ga 01:00:5e a farkon adireshin rukuni na IPv4, da 33:33 a na IPv6, wato tsarin adireshin intanet na da da na baya-bayan nan. Bit ɗaya tak ke raba saƙon mutum ɗaya da na rukuni.

To duk direban katin sadarwa, wato ƴar manhajar da ke tuƙa katin, sai ya yi waɗannan tambayoyin sau ba adadi: wannan na kowa ne? Na rukuni ne? Adireshin ma na kirki ne? Kamfanoni da yawa da suka rubuta direbobinsu, kowa ya ƙera abin dubawarsa. A tsofaffin direbobin wifi na kamfanin Realtek da suka shiga ɓangaren staging na Linux, inda Greg Kroah-Hartman ke tsare da direbobin da ba su gama gyaruwa ba, akwai wani da suka sa wa suna IS_MCAST. Wani direban kuma zai jera gidajen shida yana gwada kowane da ff, layi guda mai tsawo kamar igiyar guga. Alhali a cikin fayil ɗin etherdevice.h na Linux akwai is_multicast_ether_addr, da is_broadcast_ether_addr, da is_zero_ether_addr, da is_valid_ether_addr, suna zaune suna jiran a kira su. Facin yaron nan abin da yake yi ke nan: ya cire na gida, ya sa waɗannan.

Kalma ta farko, kernel. Ban so mu daɗe a kanta ba amma sai da ta ci mana wuni.

Mai shagon ya ce a Hausance ta kawai, a ce kanal. Na ce je ka ƙofa ka ce wa mutum "kanal ya lalace", ka ga in bai tambaye ka ko ka biya kuɗin wata na dekodar Canal+ ba. Wani kuma zai ɗauka hafsan soja kake nufi, kuma wannan ba zancen da ake yi da ƙarfi ba ne. Muka koma fassara. Noyau dai ƙwallo ne, irin na mangwaro ko dabino. Sai dai "ƙwallon Linux" a kunnen yaran yanzu wasan Lahadi ne. Ƙwaya ta fi kusa da ma'anar ta Ingilishi, amma ka ce ɗanka yana aikin ƙwaya ka ji yadda uwarsa za ta kwana. Cibiya ta riga ta tafi wurin ma'aikatu, cibiyar bincike, cibiyar lafiya. Zuciya ta yi taushi da yawa.

Wani dattijo da ke kawo rediyonsa gyara, tsohon malamin lakwal ne da ya koyar da Hausa, shi ya raba gardamar. Ya ce, "Mi kuke ta wahala? Wanga abu, in an cire shi, saura na tsayawa?" Muka ce a'a, Malam. Shi ke raba wa kowace manhaja lokaci da wurin ajiya, shi ke magana da ƙarfen na'urar. Ya ce, "To jigo ke nan." Jigo na lambu, itacen da guga ke rataye a kai, da jigon jam'iyya, da jigon labari. Ba ya sha, ba ya ci, amma ruwa ba ya hawowa sai ta kansa. Na karɓa nan take. Abin da Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991 jigo ne, sauran kayan da ke kewaye da shi wasu ne suka kawo.

Ta biyun ce ta fi ba ni aiki, helper function.

Fassarar da ta fara zuwa bakin kowa ita ce mataimaki. Ban so ta ba. Mataimaki a wurinmu muƙami ne, mai ofis da mota, wanda ke zama kujera in mai gida ya yi tafiya. Waɗannan kuwa ƙanana ne ƙwarai, wasu layi biyu ko uku, ba sa yanke hukunci, ba sa riƙe komai a ransu. Ka ba shi adireshi, ya duba, ya dawo ya ce i ko a'a.

Wani yaron shago ya ce karen mota. An yi dariya, kuma akwai gaskiya a ciki tun da direba ne ke kiransa. Amma karen mota na mota ɗaya ne, yana bin direbansa duk inda ya nufa. Wannan shi ne ainihin abin da facin ke kora. IS_MCAST shi ne karen mota: na direba ɗaya, ba wanda ya san shi a wata tasha. Manzo kuwa ba mu ko tsaya a kanta ba, kalmar ta yi nauyin da ba za mu ɗora wa layin manhaja ba.

Ni na tsaya a kan ɗan aike, jam'i ƴan aike. Ka aike shi da abu, ya dawo da amsa, shi ke nan. Kuma ɗan aike a unguwa ba na gida ɗaya ba ne, duk wanda ya leƙo ƙofa ya gan shi yana iya kiransa. Ƴan aiken jigo: kowane direba na da ikon aikensu, kuma amsar da za su kawo wa wannan ita za su kawo wa wancan.

Malam bai gamsu duka ba. Ya ce ɗan aike ya nuna zuwa da dawowa, amma bai nuna dalilin da ya sa aka fi son na jigo da na gida ba. Nan mai shayi ya shigo, yana ɗauraye kofuna, ya ce, "Ai zancen tiya ne." Ya yi gaskiya. Ka je kasuwa sayen hatsi, kowane mai awo ya fito da kwanon da ya ƙera a gidansa, ya rantse maka daidai yake da tiya. Wataƙila ma daidai ɗin yake. Amma kai mai saye sai ka tsaya ka gwada kwano goma kafin ka yarda. In tiyar kasuwa ce guda, wadda idon kowa ya sani, ba ka tambaya. In kuma aka gano bakinta ya lotse, wuri ɗaya za a buga a gyara, duk kasuwa ta amfana.

Haka yake ga mai karanta direba. In ya ga is_broadcast_ether_addr ya wuce, ya san abin da ake nufi. In ya ga layin gida mai gwada gidaje shida, sai ya tsaya ya ƙirga da yatsa ko an tsallake na biyar, ko an maimaita na huɗu. Irin wannan kuskuren yana iya kwanciya shekaru ba a gani ba, don yawancin lokaci amsar na fitowa daidai. Saboda haka muka sami kalmomi biyu na gefe da ban nema ba: awon gida ga abin da kamfani ya ƙera wa kansa, awon kasuwa ga na jigo. Ɗan aike shi ne sunan abin, awon kasuwa kuma siffar aikinsa idan dubawa aka aike shi. Don ba duk ƴan aiken ke awo ba. Akwai ether_addr_copy mai kwafe adireshi, akwai eth_random_addr mai ƙago sabo idan katin ya zo ba shi da na kirki.

Wuri ɗaya na ja kunnen yaron, kuma kalmar ta taimaka mini. Ɗan aike yana da sharaɗi. Wasu daga cikin waɗannan, don sauri, okte bibbiyu suke ɗauka a tashi ɗaya, saboda haka dole adireshin ya fara a gurbin ajiya mai lambar cika. An rubuta gargaɗin a saman su a cikin fayil ɗin. Awon gida da ke bi okte ɗaya bayan ɗaya bai damu da wannan ba. In ka sauya ido rufe, a kwamfutarka ta tebur komai lafiya, a wata ƙaramar na'ura mai wani irin injin kuma a sami matsala. Shi ya sa ma aka ajiye ether_addr_equal_unaligned kusa da ether_addr_equal, don inda ba a da tabbas. Na ce masa kafin ka aiki yaro, dubi ko ka miƙa masa kayan yadda zai iya ɗauka.

Sai kuma tarko na biyu: is_multicast_ether_addr yana cewa i ga adireshin kowa da kowa ma, tun da ff mara ce. In awon gidan da kake cirewa ya ware na kowa daban, sauyawar ta sauya ma'ana, ba tsabtacewa ba ce kuma. Ya koma ya sake karanta nasa sau biyu, zufa na ɗiga a kan madannai, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya.

Ga yadda bayanin facin ya fito da ya rubuta mini shi da Hausa a bayan takardar rasit: "An cire awon gida na adireshin MAC daga direban wifi, an sa ƴan aiken jigo a madadinsa. Aikin direban bai sauya ba." Na karanta wa Malam, ya gyaɗa kai. Na karanta wa mai shayi, ya ce, "Wato ya daina awo da kwanonsa." Wanda zai aika wa masu Linux dai da Ingilishi zai tafi, wannan na wurinmu ne.

Inda muka maƙale shi ne sunayen saƙonnin uku. Na kowa da kowa mun ce shela, ba gardama, kamar mai shela ya zaga gari da ganga. Na mutum ɗaya mun ce hannu da hannu. Na rukuni ne ya ƙi. Yaron yana son goron gayyata, tun da waɗanda aka zaɓa ake kai wa. Malam ya ce a'a, a nan ba mai aikawa ke zaɓa ba, masu karɓa ne ke shiga rukunin da kansu, don haka ya fi kama da kiran ƴan adashe. Ni kaina na fi karkata ga Malam, amma "adireshin adashe" bai hau harshena ba tukuna. Mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram, da ƴan'uwa na Sakkwato da Kano, mi kuke cewa?